Makon da Halvor Ya Ɗebi Ruwa

Mijina Halvor Rustad mutum ne da ba ya jin magana sai da lamba a cikinta. Ka ce masa saniya ba ta da lafiya, sai ya ɗaga kafaɗa ya ce zai duba. Ka ce masa madararta ta ragu da laba uku, kafin ka rufe baki ya isa garke. Kowace saniya a gonarmu tana da shafinta a littafinsa. Ruwan sama ma bai tsira ba, akwai wata kwalba da ya ɗaure a jikin shinge yana auna shi. Duk ƙasidar da ma'aikatar gona ta aiko kuwa, in dai akwai jadawali a cikinta, to ba a musu da ita a gidanmu. Ni Tilda, matarsa, ni kaɗai ce a gonar nan ba ni da shafi.

Kada a ce ba ya sona. Yana sona, ni ma haka, kuma zamanmu lafiya lau. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a maƙogwaro shekara goma sha ɗaya, shi ne ruwa. Rijiyarmu tana can kan tudu kusa da garke, famfon iska yana juyawa a kanta yana cika tanki, daga tankin kuma bututu ya kai wa shanu ruwa har bakinsu. Ni kuwa sai in ɗauki bokiti biyu in hau, in cika, in gangaro. Abin da ya fi ƙona mini rai, gidan a ƙasa yake. Da an shimfiɗa bututu, ruwan da kansa zai gangaro kicin. Duk shekara Halvor sai ya ce bayan shuka. In an yi shuka, bayan yankan ciyawa. Bayan karyar masara kuma ƙasa ta daskare, ba ta haƙuwa sai sanyi ya wuce.

A kakar 1927 ina ɗauke da cikin na uku, wata biyar, bayana kamar an ɗaure shi da waya. Na ƙudura a raina ba zan sake hawa tudun nan cikin ƙanƙara da ciki ba. Saura mako shida ko bakwai ƙasa ta daskare, ni kuma duk wata magana da nake da ita na riga na faɗe ta ta ƙare.

Ana haka Malama Verna Kolb ta zo taron ƙungiyarmu ta mata a ɗakin ƙasa na coci. Ita ce jami'ar da ke zagaya matan manoma a gundumarmu, 'yar siririya mai yankakken gashi, tana tuƙa motarta da kanta, abin da dattawan cocinmu ba su gama yafe mata ba. Ranar ba zancen adana tumatir a kwalba ta zo da shi ba. Ta zo da tarin takardu, kowacce da zanen fuskar agogo biyu, ɗaya daga tsakar dare zuwa tsakar rana, ɗaya ta sauran yinin.

"Kwana bakwai kawai," in ji ta. "Duk abin da kika yi, ki ja layi a kan agogon daga inda kika fara zuwa inda kika gama, ki rubuta sunan aikin, ko na minti biyar ne. Mata da yawa suna yi a jihohi daban-daban. Daga nan takardun su tafi kwaleji, daga kwaleji su wuce Washington, a haɗa su a ga yadda matar manomin Amurka ke tafiyar da yininta."

Maƙwabciyata Orla Bakke, wadda ba a gama taro ba ta sa baki ba, ta ɗaga hannu. "To Malama, in ina jijjiga yaro da ƙafa, ina fere dankali da hannu, ina zagin mijina Nels da baki, wanne zan rubuta?"

"Wanda ya fi cin hankalinki."

"Zagin Nels ke nan. Ki ƙara mini takarda, wannan ba za ta isa ba."

Da dariya ta lafa, Malama Kolb ta ce ba a sa suna, lamba ake sawa. Ta ce abu ɗaya take roƙo, gaskiya. Kada mace ta gyara makonta don ana kallonta, mako irin na kullum ake so. Tawa lambar ɗari biyu da goma sha huɗu ce.

Na karɓi takardun da hannu biyu. Ina da tsohon haushi da mutanen gwamnati, don a ƙidayar 1920 wani mutum mai jaka ya same ni da goyo, hannuna dumu-dumu cikin kullun burodi, ya tambayi sana'ata, kafin in amsa ya rubuta babu. Amma ba don haushin nan na karɓa ba. A hanyar komawa gida, karusa na girgiza ni, dabarar ta faɗo mini. Ranar Lahadi zan haɗa duk sa'o'in da na yi ina ɗebo ruwa, in ajiye wa Halvor lambar kusa da kofinsa, da hatimin gwamnati a saman takardar. In bai ji bakina ba, ai zai ji wannan.

Litinin ranar wanki ce. Na kafa takardar a bango kusa da murhu, na rataya fensir da zare. Kafin tsakar rana na rubuta ɗebo ruwa sau goma sha ɗaya, har wurin ya yi baƙi. Halvor ya shigo cin abinci, ya wanke fuska a tasa, yana goge wuya idonsa ya faɗa kan takardar.

"Maman yara, wannan kuma fa?"

"Aikin gwamnati nake yi. Kada ka taɓa mini da jiƙaƙƙen hannu."

Ya matso da fuska, bakinsa na motsi yana ƙirgawa. Na juya baya ina motsa miya don kada ya ga murmushina. Ashe ba ta inda na zata abin ya shige shi ba.

"Wa zai karanta wannan?"

"Malama Kolb. Daga nan kwaleji, daga nan Washington."

"Washington." Ya ja kujera ya zauna a hankali. "Wato mutanen Washington za su zauna a ofis da taye a wuya, su ga matar Halvor Rustad ta hau tudu sau goma sha ɗaya kafin rana ta raba."

"Ba suna a jiki, Baban yara. Lamba ce kawai."

"Shanuna ma lamba gare su, kuma na san kowacce."

Ranar bai ƙara nama ba, abin da bai taɓa yi ba. Da yamma na ƙara hawa uku, suka zama goma sha huɗu, na kwanta da ciwon baya da farin ciki.

Talata da safe na sauko na tarar da bokitin nan biyu cike taf a kan benci. Tankin jikin murhu a cike. A baranda ga garwar madara, ita ma a cike da ruwa. Halvor yana zaune yana ɗaure takalmi, fuskarsa kamar ta wanda bai san komai ba.

"Wa ya ɗebo ruwa?"

"Hanya ce ta biyo da ni."

"Hanyar ce ta ɗora maka bokiti biyu da garwa?"

"Ke dai ki rubuta abin da kika yi. Wanda ba ki yi ba kuma ba a rubutawa. Ba haka yarinyar nan Kolb ta ce ba?"

Sai a lokacin na gane. Mutumin nan bai yi niyyar haƙa rami ba, niyyarsa ya wanke sunansa a Washington. Zai ɗebi ruwa kwana shida, takardata ta tafi fes, ran Litinin ya miƙo mini bokitina. Na rantse da a ce kaskon ƙwai ba shi da zafi a hannuna, da na yi abin da zan yi nadama. Kuma ba ni da mafita, don na yi wa Malama Kolb alkawarin gaskiya, ni kuwa ba zan rubuta hawan da ban yi ba.

Na yi ƙoƙarin riga shi. Ina! Da ruwa ya yi rabi sai in ji ƙarar ƙofa. Wajen ƙarfe goma ya bar dawakai a tsaye tsakiyar masara, wai ya zo shan ruwa, ya fita da bokiti. Ƙarfe uku ma haka. Sau ɗaya na lallaɓa na ɗauki bokiti na bi ta bayan akurkin kaji, sai ga shi ya ɓullo daga garke kamar mai gadi, ya karɓe ya wuce tudu.

Wani abu kuma ya faru da ban yi tsammani ba. Agogon takardar ya fara nuna gurbi. Na gama wanke kwanuka, babu tudun hawa, sai na tsinci kaina a kujerar baranda, hannuwana a cinya kamar baƙi. Minti ashirin cur. Iska na kaɗa masara, 'yar ƙaramarmu Alma tana wasa da kyanwa, abin da ke cikina ya yi motsi har sau biyu na ji shi sosai. Daɗi ya kama ni. Da na tashi na rubuta hutu a takardar, sai kunya ta rufe ni, na hango 'yan matan ofis suna nuna wa juna suna cewa, ku zo ku ga malalaciya, mai lamba ɗari biyu da goma sha huɗu. Nan da nan na shiga ɗakin ajiya na goge katakan da na goge shekaranjiya. Ina yi wa Halvor dariya, ashe ni ma tsoron Washington nake ji.

Laraba da hantsi tarho ya yi ƙara, dogo ɗaya gajeru biyu, namu ke nan. Orla ce.

"Ke Tilda, wani abu ya sami Nels. Jiya da hannunsa ya share mini akurki. Yau kuma ya faskara itace ya jera har bakin murhu. Ko in kira likita?"

"Kira masa, ki ce ya biyo ta nan. Nawa ruwa yake ɗebowa."

"Halvor? Bokiti? Ya san ta inda ake riƙe shi kuwa?"

Layin namu na gida goma sha biyu ne, kuma tun da muka fara ina jin ana ɗaga kawunan tarho ɗaya bayan ɗaya. Sai ga muryar tsohuwa Misis Tveit, wadda kullum take rantsuwa ba ta sauraron hirar kowa: "Nawa jiya ya wanke kofinsa. Shekara talatin da ɗaya. Na ɗauka wasiyya zai yi." Muka yi ta dariya har mai haɗa layi ta ce mu tausaya wa masu neman magana. Amma da na ajiye tarhon dariyar ta tsaya. Kwana biyu ke nan babu ko ɗigon ruwa a takardata, ranar Lahadi ba ni da abin ajiyewa kusa da kofi.

Alhamis Malama Kolb ta biyo duba takardu. Na zuba mata kofi, ta shimfiɗa su a tebur tana bi da bakin fensir.

"Misis Rustad, ran Litinin kin ɗebi ruwa sau goma sha huɗu. Talata da Laraba ko sau ɗaya. Kun daina sha ne a gidan nan?"

Kafin in amsa ƙofa ta buɗe, Halvor ya shigo da baya, bokiti a kowane hannu, wandonsa a jiƙe har gwiwa. Ya juyo ya ga baƙuwa, ya tsaya cak. Malama Kolb ta dube shi, ta dube ni, ta cije leɓe. Sai ta kifa takardar. A bayanta ashe akwai wasu layuka da ban taɓa kula da su ba: taimakon da wani a gidan ya yi, wane ne, wane aiki, minti nawa. Ban duba ba don ban taɓa samun abin rubutawa a irin wurin ba.

"Mista Rustad, sannu da ƙoƙari," in ji ta. "Wannan wurin naka ne. Matarka ba za ta san minti nawa kake yi a tudu ba, kai za ka cika."

"Ni? Takardar mata?"

"Ba dole ba ne. Ba kowa ke iya riƙe lissafi daidai ba, mun sani. In ya yi maka wuya sai mu yi kintace."

Yarinyar nan ban san wa ya gaya mata ba, amma ta taɓa shi a inda yake ciwo. Ya dire bokitan har ruwa ya fantsama. "A gidan nan ba a kintace," in ji shi. Ya zaro agogon aljihunsa ya duba.

Na raka ta mota. Tana sa safar hannu tana girgiza kai. "Gida na shida ke nan yau. Mazan gundumar nan sun lalata mini bincike da alheri. In na tura wannan yadda yake, Washington za ta ɗauka a Dakota ta Kudu maza ke aikin gida."

"Ki bar su su ɗauka," na ce. "Wataƙila a yi doka."

Daga ranar Halvor ya manta da kunya, lissafi ya ɗauke shi. Tunda an sa shi riƙe lamba, to sai ya riƙe ta har ƙarshe. Ya ɗauko igiyar awo ya auna daga bakin tanki zuwa ƙofar kicin, ƙafa ɗari biyu da sittin. Ya rataya bokiti cike a sikelin madara, laba ashirin da biyar. Duk hawa sai ya duba agogo a ƙasa, ya sake dubawa in ya dawo, ya lashi bakin fensir ya rubuta. Ya zauna ya tuno na Talata da Laraba ya cike. Ranar Asabar, ranar wanka da goge daɓe, ya hau sau goma sha ɗaya, a hawa na tara ya zame a gangaren da nake zamewa, ya zauna daɓas cikin laka. Ta taga na gan shi. Bai yi zagi ba, ya daɗe a zaune yana kallon wurin, sannan ya tashi ya koma ya sake cikawa.

Ni dai ban saki jiki ba. Na san mijina. Yana iya auna abu har ya gaji, ya rufe littafi ya ce bayan shuka.

Lahadi bayan mun dawo coci muka ci abinci, yara suka fita wajen kaji. Na ajiye masa kofi da lefse, burodin dankalin nan da mahaifiyarsa ta koya mini, na shafa masa man shanu da sukari yadda yake so. Bai taɓa ba. Ya jera takarduna bakwai a tebur, ya ɗauko wani tsohon ambulan ya fara lissafi a bayansa. Ya gama, ya soke, ya sake. Sau biyu lamba ɗaya ta fito.

"Hawa sittin da uku a mako," in ji shi, ba tare da ya ɗago ba. "Tara ke nan a rana, in an raba. Zuwa da dawowa ƙafa ɗari biyar da ashirin. Mil ɗari uku da ashirin da uku a shekara."

"Haka ya fito?"

"Shekara goma sha ɗaya." Ya tsaya. "Mil dubu uku da ɗari biyar da hamsin da 'yan kai."

Ya tashi ya ɗauko littafin taswira na makarantar babbar 'yarmu Ragna, ya buɗe shafin teku, ya tsinke zare daga kwandon ɗinkina ya ɗora daga New York zuwa Bergen, garin da mahaifiyarsa ta taso, ya kai zaren kan ma'aunin da ke ƙasan shafin. Ya daɗe yana kallo.

"Kusan tafiyar da jirgin ruwa ya yi da mahaifiyata ke nan. Ita a zaune ta zo, kuma har ta rasu tana ba da labarin wahalar hanya. Ke a ƙafa, rabin tafiyar da laba hamsin a hannu." Ya ɗago. "Tilda, me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

Sai ka ji mutum! Na kalle shi ido cikin ido. "Na faɗa maka, Halvor."

"Ba ki ce mil ba."

"Na ce maka bayana yana ciwo."

 Ya dubi tafin hannunsa, inda mariƙin bokiti ya yi masa ja a kwana shida, shi da hannun nasa ya saba da garma. Sai ya miƙo hannu ya kama nawa ya juya shi, ya bi da babban yatsa kan kantar da ta ratsa gindin yatsuna huɗu. Shekara goma sha ɗaya yana riƙe hannun nan a coci da gida, bai taɓa tambayar daga ina ta zo ba. Na ga kunya a fuskarsa, ta gaske, ba irin ta ran Litinin ba. Haushin da na tara ya fara zubewa, tausayinsa ya kama ni, har na ji haushin kaina da saurin yin laushi.

Na janye hannuna na ɗauki takarda ta bakwai, don akwai sauran layi ɗaya a ƙasanta da ban cika ba. Na karanta masa: shin haka makonninki suka saba kasancewa? E ko a'a.

"To Baban yara, me zan rubuta? In na ce e, na yi ƙarya, don ka sani gobe bokiti zai dawo hannuna. In na ce a'a, akwai wurin bayani, kuma zan yi bayanin, Washington ta karanta."

Ya juya kofin da ya huce. Can waje famfon iska na ta kukansa. Masara tana tsaye a gona rabi ba a karya ba, ni da shi duk mun san abin da ake nufi da barin ta.

"Rubuta e," in ji shi. "Ni zan mayar da shi gaskiya."

Zuciyata ta yi tsalle, amma na sha jin bayan shuka. Na ninke takardar na sa ta a bayan agogon bango. "Ba zan rubuta komai ba tukuna. Takardar nan ba za ta shiga akwatin wasiƙa ba sai ranar da ruwa ya fito a kicin ɗin nan. In ƙasa ta riga ka daskarewa, a'a zan rubuta, da manyan baƙaƙe."

"Haba Maman yara, yarinyar tana jira."

"To ka ga dalilin yin sauri."

Litinin da safe ya cika mini ruwan wanki, sannan ya kafa turaku ya ja igiya daga tanki har bangon kicin. Ramin bututun, ƙafa shida za a nutsa don a wuce inda sanyi ke kaiwa. Kwana biyu yana yi shi kaɗai, in na leƙa sai in ga ƙasa tana tashi daga rami, ban ganin mutum. Rana ta uku sai ga Nels Bakke da shebur a kafaɗa yana gunaguni. Ashe Halvor bai iya riƙe lambar a cikinsa ba, ya faɗe ta a shagon da ya je sayen bututu, ta zaga gari, ta shiga kunnen Orla, ita kuma ta sa Nels ya auna tasu hanyar.

"Kai Rustad, ka jawo mana masifa," in ji Nels daga bakin ramin. "Wa ya aike ka lissafi? Yanzu in mun gama naka, sai nawa."

"Taka mil nawa ta fito?"

"Rufe mini baki ka matsa in sauka."

Washegari suka zama huɗu, har da mijin Misis Tveit, wanda aikinsa ya fi yawa a ba da shawara. Na yi ta dafa musu kofi da naman alade da dankali, raina fari ƙal. Malama Kolb ta bugo sau biyu, ta ce takardata kaɗai ta rage a gunduma. Na ce ta yi haƙuri, akwai amsa ɗaya da ake haƙowa. Kowace safiya sai in fita in taka ƙasa da dunduniya in ji ko ta fara tauri. A rana ta bakwai raɓa ta daskare fari fat a kan ciyawa, ruwan kwanon kaji ya yi ɓawo. Ranar ban ci abincin kirki ba.

A rana ta tara, wajen la'asar, Halvor ya shigo kicin laka tun daga hula har takalmi, ya ɗaure kan famfon ƙarfe a saman bencin da bokitai ke zama. Ya leƙa ta taga ya ɗaga wa Nels hannu a can tudu. Sannan ya ja da baya.

"Ke za ki buɗe," in ji shi.

Na murɗa. Shiru. Bututun ya yi tari, ya yi gurnani, ya tofo iska da jan ruwa mai tsatsa, har Alma ta ɓuya a bayan siket ɗina. Sai ruwan ya washe, ya miƙe, mai sanyi, irin wanda na sani, yana zuba cikin tasa ba tare da kowa ya hau ko'ina ba. Na sa hannu a ƙarƙashinsa na ƙi cirewa. Kuka ya zo mini, ban hana shi ba.

Da na samu kaina na goge hannu, na zaro takardar daga bayan agogo, na zauna. Halvor ya tsaya a bayana yana leƙe ta kafaɗata, yana ɗiga mini laka a daɓe. A layin ƙarshe na rubuta: daga yau, e.

Ya karanta, ya nuna gefen layin da yatsa. "Ki sa kwanan wata."

Na sa. Tasa ta cika tana malala ta gefe, ruwa na bin benci yana sauka ƙasa, mu uku muna kallo, babu wanda ya tashi ya rufe famfon.